Masu gudu biyu sun tunkari juna: a tara, a ɗebe, ko a raba biyu?

Duk shekara, da zarar an shiga watannin shirin jarrabawar JAMB da WAEC da NECO, akwai wata tambayar lissafi da ke dawowa azuzuwan lesin na Jos kamar yadda hazo ke dawowa da hunturu. Takan sauya riga, amma jikinta ɗaya ne: mutum biyu suna nesa da juna, sun taso a guje kowa ya nufi ɗan'uwansa. Yaushe za su haɗu, kuma a ina?

A wani ajin yamma da na zauna a cikinsa a nan Jos, malamin ya rubuta ta a allo kamar haka. Masu gudu biyu ne a kan miƙaƙƙiyar hanya, tsakaninsu mita 900. Mai jar riga yana cin mita 5 a kowane sakan, mai farar riga yana cin mita 4. Sun tashi lokaci guda suna fuskantar juna. Ba a yi minti uku ba aka fara ɗaga hannu, amsa ta fito kala uku: wasu sun ce sakan 100, wasu 200, wasu 900. Wata ɗaliba da ke zaune a gaba, hannunta cikin rigar sanyi, ta ce, "Malam, ni fa na haddace cewa wani lokaci ana tarawa, wani lokaci ana ɗebewa. Wanda ake yi a yaushe ne yake ɓace mini." Rabin ajin suka gyaɗa kai.

Amsar daidai ita ce sakan 100. Amma sauran amsoshin biyu ba daga sama suka faɗo ba, kowacce tana da tunanin da ya haife ta, kuma sai an bi sawun wannan tunani kafin ruɗanin ya warware.

## Kalmomi uku da za a fara daidaitawa

Sauri shi ne yawan nisan da abu ke ci a cikin wani ƙayyadadden lokaci. Idan aka ce mutum yana gudun mita 5 a sakan, ana nufin duk bugun sakan ɗaya na agogo ya matsa gaba da mita 5. Daga nan sauran ke fitowa: nisa shi ne sauri sau lokaci, lokaci kuwa shi ne nisa a raba da sauri. A wannan rubutu sakan da minti za a riƙa cewa, domin kalmar daƙiƙa wasu sakan suke nufi da ita, wasu kuma minti, kamar yadda take a Larabci.

Tazara ita ce filin da ke tsakanin mutum biyun a kowane lokaci. Ita ce ɗalibi ya fi mantawa da ita, saboda ido ya fi son bin mai gudu. Alhali tambayar a kanta take gaba ɗaya. Abin da ake kira haɗuwa shi ne lokacin da tazara ta ƙare, ta zama sifili.

Ta uku ita ce wadda ake kira rilatif sifid a aji, wato saurin wani abu idan an auna shi daga wurin wani abin da shi ma yake tafiya. A irin wannan tambaya ana iya kiransa saurin cin tazara, domin abin da yake faɗa ke nan: mita nawa ke fita daga tazarar, ko ke shiga cikinta, a kowane sakan.

## Dalilin da ya sa ake tarawa

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san wannan lissafi tun kafin ya shiga aji. Kunya ɗaya ce doguwa, wa ya kama ta daga gabas, ƙane ya kama daga yamma. Idan wan yana nome taku 5 a minti, ƙanen yana nome 4, abin da ya rage na kunyar yana raguwa da taku 9 a kowane minti. Inda fartanyoyinsu suka haɗu, nan aikin ya ƙare. Ba wanda zai tsaya a gona ya ce a ɗebe aikin ƙane daga na wa.

Haka masu gudun nan suke. A sakan na farko mai jar riga ya cinye mita 5 daga nasa gefen, mai farar riga ya cinye 4 daga nasa. Tazarar da take 900 ta koma 891. A sakan na biyu ta koma 882, a na uku 873. Tara-tara take zaizayewa. Tambayar ta zama: 9 nawa ne a cikin 900? Amsa 100. Wurin haɗuwa kuma ba shi da wuya: mai jar riga ya yi mita 500 a cikin sakan 100, mai farar riga ya yi 400. A haɗa 500 da 400 a ga sun ba da 900. Wannan ɗan binciken na ƙarshe ba ya cin lokaci, kuma shi ke tona asirin kuskure tun kafin a miƙa takarda.

Waɗanda suka sami 900 sun ɗebe 4 daga 5, suka sami 1, suka raba 900 da shi. Lissafinsu daidai ne, sai dai amsar wata tambayar ce daban. Da a ce mai farar riga ya juya baya yana gudu, mai jar riga yana bin sawunsa don ya cim masa, to duk mita 5 da na baya ya ci, na gaba ya maido da 4. Ribar mita 1 ce kacal a sakan. Mutanen su ne dai, hanyar ita ce dai, amma haɗuwar da ta ɗauki minti 1 da sakan 40 ta koma minti 15, don kawai ɗaya ya sauya fuska.

Masu 200 kuwa sun ce tunda mutum biyu ne, a tara saurinsu a raba biyu, a sami 4.5. Wannan matsakaicin saurin mutum ɗaya ne, kuma amsar da yake bayarwa ita ce lokacin da mutum guda mai irin wannan sauri zai ɗauka ya gama hanyar duka shi kaɗai. A nan kuwa hannu biyu ne a kan aikin. Wanda ya nace sai ya yi amfani da 4.5, to dole ya raba hanyar ma biyu, kuma 450 a raba da 4.5 ya dawo da shi kan 100.

Akwai gyara guda ga yadda ake haddace dokar. Yara da yawa sun riƙe cewa "in suna fuskantar juna, a tara." Gaskiya ne, amma bai cika ba. Mutum biyu da suka juya wa juna baya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma, su ma tarawa ake yi, illa dai tazarar ƙaruwa take yi da mita 9 a sakan maimakon raguwa. Abin dubawa shi ne alkibla: in ta saɓa, a tara; in ɗaya ce, a ɗebe. Wanda kuma dokar ta kuɓuce masa a ɗakin jarrabawa yana da tambaya guda da za ta maido masa da ita nan take: bayan sakan ɗaya, tazarar ta zama nawa?

## Inda tunanin ya samo asali

Tambayar ta girmi makarantun boko nesa ba kusa ba. A wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin da aka harhaɗa kimanin shekara 2,000 da suka wuce, an kawo ta da tsuntsaye. Agwagwar daji tana kwana 7 daga tekun kudu zuwa tekun arewa, dinya kuma tana kwana 9 daga arewa zuwa kudu. Idan suka tashi rana ɗaya, yaushe za su gamu? Abin lura shi ne ba a faɗi nisan ba ko kaɗan. Dabarar ita ce a yanka hanyar gida 63, tunda 7 da 9 duk suna shiga 63 ba saura. Agwagwa tana cin gida 9 a rana, dinya tana cin 7, jimla 16. A raba 63 da 16, a sami kwana 3 da kashi 15 cikin 16 na kwana, wato saura ƙiris kwana 4.

Masanin Italiya Galileo ne ya fito da tushen abin fili a 1632, da misalin jirgin ruwa. Mutumin da ke kulle a ɗakin cikin jirgin da ke tafiya sumul, ba girgiza ba sauya sauri, ba shi da hanyar gane ko jirgin tafiya yake ko a tsaye yake. Ma'anar wannan ita ce kowane sauri daga wani wuri ake auna shi. Wanda ya taɓa zama cikin mota a tashar hanyar Bauchi yana jiran ta cika ya ɗanɗana wannan: motar kusa ta fara ja da baya, sai ka ji kamar taku ce ta fara gangarawa gaba, har gabanka ya faɗi. Idan muka ari idon mai jar riga, muka ɗauke shi tamkar a tsaye yake, abin da zai gani shi ne mai farar riga yana taho masa da gudun mita 9 a sakan daga nisan mita 900. Tambayar mutum biyu ta koma ta mutum ɗaya.

Dokar tarawar tana da iyaka, ko da yake iyakar tana can nesa da rayuwarmu. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa idan sauri ya kusanci na haske, wanda yake kusan kilomita 300,000 a sakan, tarawa kai tsaye ba ta ba da abin da matafiyin zai auna. Kumbo biyu da suka tunkari juna, kowanne da kashi 75 cikin 100 na saurin haske, wanda ke cikin ɗayan zai auna ɗaya kumbon da kashi 96 ne, ba 150 ba. Ga mai gudu da mota da jirgin sama kuwa, bambancin ya yi ƙanƙantar da ba ya shiga lissafi.

## Hanyoyi uku da malamai ke bi

Malaman lissafi ba su taru a kan hanya ɗaya ta koyar da wannan ba, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Wasu sun fi son doka tsagwaronta: duba alkibla, tara ko ɗebe, raba tazara da abin da ka samu. Hujjarsu lokaci ce. Jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, tambaya 180 cikin awa 2, wanda ya kama sakan 40 ga kowace tambaya in an raba daidai. Ɗalibin da zai tsaya dogon rubutu zai bar tambayoyi a baya. Masu sukar wannan hanya suna cewa hadda ce, kuma hadda tana karyewa da zarar an ɗan murɗa tambayar, kamar yadda ya faru da ɗalibar nan ta gaban aji.

Wasu kuma aljabara suke dogara da ita, fannin da sunansa ya fito daga aikin Al-Khawarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9. A sa harafin L a matsayin lokacin haɗuwa. Mai jar riga ya yi 5L, mai farar riga ya yi 4L, nisan da suka yi tare kuma 900 ne. Ke nan 5L + 4L = 900, wato 9L = 900, L = 100. Ƙarfin wannan hanya shi ne ba a buƙatar tuna wata doka, kuma a ɓangaren rubutu na WAEC da NECO ana ba da maki a kan matakan aiki, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba. Rauninta shi ne tana cin lokaci, sannan yaro yana iya jujjuya haruffa har ya kai ga amsa bai taɓa hango mutum biyun a kan hanya ba.

Hanya ta uku ta kaso ce, kuma ɗan kasuwa zai fi saurin kama ta. Tunda lokaci ɗaya suka yi suna gudu, za su raba hanyar gwargwadon saurinsu, kamar abokan ciniki biyu da suke raba riba gwargwadon jarin kowa. A yanka 900 gida 9, kowane gida mita 100, mai jar riga ya ɗauki 5, mai farar riga ya ɗauki 4. Idan wurin haɗuwa aka tambaya, babu hanyar da ta kai ta sauri. Amma da sharaɗin sun tashi tare. In ɗaya ya riga ɗaya, sai an fara cire abin da ya ci shi kaɗai.

Wanda ya duba da kyau zai ga lambar 9 ta fito a duk ukun, domin abu ɗaya suke faɗa. Inda aka fi samun bambanci tsakanin ɗalibai shi ne abin da ake yi kafin a zaɓi hanya. Wanda ya ja layi a takarda, ya sa ɗigo biyu da kibiya a kan kowanne, da wuya ya ɗebe inda ya kamata ya tara. Tunda da Turanci ake yin jarrabawar, yakan taimaka ɗalibi ya maido da jimlar cikin Hausa a zuciyarsa, domin Hausa ta bambance waɗannan abubuwa sarai: tunkarar juna daban, bin sawu daban, juya wa juna baya daban.

## Inda ake ɗana tarko

Tarko na farko ma'auni ne. Sai a ce mai jar riga yana gudun kilomita 18 a awa, mai farar riga mita 4 a sakan. Mai gaggawa ya tara 18 da 4 ya sami 22, kamar wanda ya haɗa buhu 18 da mudu 4 ya ce yana da 22. Kilomita 18 mita 18,000 ce, awa ɗaya kuma sakan 3,600 ce. A raba, a sami mita 5 a sakan. Gajeriyar hanya ita ce a raba kilomita-a-awa da 3.6.

Na biyu shi ne a sa ɗaya ya riga tashi. A ce mai jar riga ya fara gudu sakan 36 kafin abokinsa. A wannan tsakani shi kaɗai ke cin tazarar, ya ci mita 180, saura 720. Daga nan ne suka zama su biyu, 720 a raba da 9, sakan 80. To amma 80 daga yaushe? Daga tashin mai farar riga. In daga tashin mai jar riga aka tambaya, amsar 116 ce. Mai tsara tambaya yana iya jera lambobin biyu a cikin zaɓi, don haka karanta jimlar ƙarshe sau biyu ba ɓata lokaci ba ne.

Na uku yana ɓoye ne a cikin ɗigon lamba. A ƙaddara motar ɗaukar dankalin Turawa ta tashi daga Jos za ta Abuja, tafiyar awa 6 gare ta, ƙaramar mota kuma ta taso daga Abuja a daidai wannan lokaci, ita awa 4 take yi. Dabarar agwagwa da dinya ce: a yanka hanyar gida 12, babbar tana cin 2 a awa, ƙaramar 3, jimla 5. A raba 12 da 5, a sami awa 2.4. Nan ne ɗalibi ke rubuta awa 2 da minti 40, bayan ya gama duk aikin mai wuya. Awa minti 60 ce, don haka 0.4 na awa minti 24 ne.

Wata tambayar kuma amsa biyu gare ta. Yaushe tazarar masu gudun za ta zama mita 270? Kafin su haɗu, lokacin da suka cinye 630, wato sakan 70. Amma in sun wuce juna suka ci gaba, za ta sake zama 270 a sakan na 130. Sannan akwai wadda take kama da mai wuya alhali kyauta ce: nawa ne tsakaninsu ana saura sakan 10 su haɗu? Mita 90, ko daga ina suka taso.

## Zagaye da safa da marwa

Filin tsere na ƙa'ida, irin wanda ke cikin babban filin wasa na ƙasa a Abuja da aka buɗe a 2003 don wasannin Afirka, aka kuma sa masa sunan Moshood Abiola a 2019, zagayensa mita 400 ne a layin ciki. Idan mutum biyu suka tashi daga wuri ɗaya a kansa, ɗaya ya yi dama ɗaya ya yi hagu, sun juya wa juna baya ta nan, amma ta can ɗaya gefen tunkarar juna suke yi, kuma tazarar ita ce zagayen duka. Mai mita 5 da mai mita 3 a sakan za su haɗu bayan sakan 50, wato 400 a raba da 8. Daga wurin haɗuwar lissafin ya sake sabo, saboda haka duk sakan 50 sai sun gamu, sau 12 a cikin minti 10. A haɗuwa ta 8 ne za su tsinci kansu a inda suka fara, ɗaya ya yi zagaye 5, ɗaya ya yi 3. In kuwa gefe ɗaya suka bi, sai mai saurin ya ba ɗayan ratar zagaye guda kafin ya sake cim masa: 400 a raba da 2, sakan 200.

Wadda ta fi kayar da ɗalibai ita ce ta safa da marwa a miƙaƙƙiyar hanya. Masu rigunan nan sun haɗu, sun wuce juna, kowa ya kai ƙarshen hanyar, wato inda ɗayan ya taso, ya juyo. Yaushe za su sake haɗuwa? Da yawa sukan ce sakan 200, wai ninki biyu. A ƙirga nisan da suka yi tare. Zuwa haɗuwar farko, tsawon hanya ɗaya. Zuwa lokacin da kowa ya taɓa ɗaya ƙarshen, kowannensu ya yi hanya guda cikakkiya, biyu ke nan. Sannan su sake cinye wata hanyar a tsakaninsu, uku ke nan. Mita 2,700 a raba da 9, sakan 300. Mai jar riga ya yi mita 1,500, mai farar riga 1,200, sun gamu a mita 300 daga inda mai jar riga ya fara.

Akwai kuma ta yaro a kan keke. Yana gudun mita 7 a sakan, yana kai-komo tsakanin masu gudun biyu da ruwan leda, daga wannan zuwa wancan, ba ya ɓata lokaci wajen juyawa, har suka haɗu. Nisan nawa ya yi? Wanda ya ce zai lissafa kowace zuwa da dawowa zai kwana a kai, domin tafiye-tafiyen ƙara gajarta suke yi ba iyaka. Amma an riga an san masu gudun sakan 100 suka yi, kuma yaron bai tsaya ba a cikinsu. Mita 700.

## Inda takarda ta rabu da zahiri

Duk waɗannan lissafe-lissafe sun ɗauka cewa saurin kowa bai sauya ba daga farko har ƙarshe. Ɗan adam ba ya gudu haka, balle a Jos da ke kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, inda ɗaya zai iya kasancewa yana hawa ɗaya yana gangara. Tarawar ba ta ɓaci ba: a kowane sakan tazarar tana raguwa da jimlar abin da su biyun suka ci. Rabawa sau ɗaya ce ke buƙatar sauri tsayayye. In ya sauya, sai a yanka tafiyar gaɓa-gaɓa.

Sanin gudun mutum na gaske yana taimakawa wajen gane amsar da ta kauce. Usain Bolt ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, kimanin mita 10.4 a sakan. Eliud Kipchoge ya gama gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42.195 cikin awa 2 da minti 1 da sakan 9 a wannan birni a 2022, kimanin mita 5.8 a sakan. Ɗalibin da lissafinsa ya ba shi mai gudun mita 30 a sakan ya san ma'auni ya rikice masa a wani wuri.

## Abin da ya shafi mai mota da mai tafiya a ƙasa

Inda wannan lissafi ya fi tsada shi ne kan titi mai hannu biyu ba shinge a tsakiya. Direban da ya biyo tirela a baya yana son wuce ta yana warware tambayoyi biyu a lokaci guda, ɗaya ta ɗebewa ɗaya ta tarawa, kuma duk biyun ba sa goyon bayansa.

A ce yana gudun kilomita 90 a awa, tirelar tana 60. Alkiblarsu ɗaya, saboda haka ribarsa kilomita 30 ce a awa, mita 8 da ɗoriya a sakan. Idan aka haɗa tsawon tirelar da na motarsa da ratar da zai bari baya da gaba, a ce mita 50 yake buƙatar ci. Sakan 6 ke nan yana aron hannu. A cikin waɗannan sakan 6, motarsa mai cin mita 25 a sakan ta yi mita 150. Motar da ke tahowa daga gaba da gudun 90 ita ma ta yi 150. Ke nan in bai hango hanya fayau ta fiye da mita 300 ba, tsawon filin ƙwallo uku, babu wurin wucewa. Ido yana ganin motar can nesa ƙarama, alhali mita 50 ke fita daga tazarar a kowane sakan. A wurare masu kwana da gangara irin Hawan Kibo, da wuya direba ya sami wannan hangen.

Akwai gardamar da ake yi a tasha da majalisa a kan taho-mu-gama. Wasu suna cewa motoci biyu masu gudun 90 da suka yi karo kamar mota ɗaya ce ta daki bango da gudun 180. Wasu suna cewa a'a, 90 ne. Saurin cin tazarar 180 ne, babu shakka, kuma shi ke ƙayyade ɗan lokacin da direba ke da shi na taka birki ko kaucewa. Amma wajen ɓarna, idan motocin nauyinsu ɗaya ne, kowacce daga 90 ta tsaya cik, don haka abin da ya same ta daidai yake da dukan bangon da ba ya motsi da gudun 90. Inda masu maganar farko suka fi kusa da gaskiya shi ne idan nauyin ya bambanta sosai. Ƙaramar mota mai gudun 90 da ta yi karo da tirela maƙare da kaya mai gudun 60 ba tsayawa kawai za ta yi ba, tirelar za ta tura ta baya, kuma kusan duk jimlar 150 ɗin a kan ƙaramar motar da mutanen cikinta take sauka.

Mai motsa jiki da asuba a bakin titi, da yaron da aka aika, su ma abin ya shafe su. Dokokin hanya sun ce inda babu gefen masu tafiya a ƙasa, mutum ya bi ɓangaren da zai fuskanci motocin da ke tahowa. Wani zai ce ai tunkara tarawa ce, ta fi haɗari. A lissafa: mai tafiyar kilomita 5 a awa da mota mai gudun 50, in ya fuskance ta 55 ne, in ya ba ta baya 45. Daga nisan mita 100, na farko yana da kimanin sakan 6 da rabi, na biyu sakan 8. Wanda ya ba da baya ya sami ƙarin sakan ɗaya da rabi, amma bai ga motar ba a duk sakan 8 ɗin. Wanda ya fuskance ta yana kallonta tun daga mita 100, yana da lokacin da zai matsa gefe.